Kaka ya zauna, uba ya zauna, jika ba shi da takarda: ina makomar mutanen kanabi?

Malam Idrisu (Gadarif):
Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman izinin manya in buɗe wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar muhallin mutanenmu Hausawan Sudan da ke zaune a kanabi (tilonsa kambo), wato matsugunan leburorin gona, a ayyukan noman Jazira da Managil da Rahad da Halfa Jadida. An haife ni a wani kambo da ke gefen tur'a, wato magudanar ban-ruwa, a yankin Managil, a ɗakin da kakana ya gina da hannunsa lokacin da ya zo cirar auduga. A ɗakin ya tsufa, a nan mahaifina ya yi aure, a nan aka yanke mini cibiya, amma har yau babu wani a gidanmu da ya taɓa riƙe takarda ko guda da ke cewa wannan taƙi na ƙasa namu ne. Da muka so mu maye gurbin jalus, wato ginin laka, da jan bulo, sai aka ce mana ba a yin gini mai ɗorewa a wurin, domin zamanmu na wucin gadi ne.

An kammala madatsar Sinnar a 1925, daga nan aikin noman Jazira ya kankama, ya faɗaɗa zuwa Managil har ya haura fadan miliyan 2 (fadan ma'aunin gona ne, kusan eka ɗaya). Kimanin shekara 100 ke nan hannun leburori yana cire audugar nan, yana yankan dawa, yana sharar abu ishirin, wato ƙananan magudanan da ke kai ruwa gonaki. Tambayata ita ce: wucin gadin da ya ɗauki zuriya uku ko huɗu, yaushe zai zama zama? Ra'ayina shi ne, buƙatarmu ta farko ita ce a tsara kanabi, a yanka filaye, a yi wa kowane gida rajista da sunan mai shi, ya karɓi shahadar bahas, wato takardar shaidar mallaka daga ofishin rajistar ƙasa, kamar kowane ɗan ƙasa. Makaranta da famfo da asibiti duk suna bin bayan takardar nan ne, domin ba a kai su wurin da ba ya cikin taswira.

Baba Alhaji Sale (Maiurno):
Wa alaikumus salam. Ɗana Idrisu, Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda yake ciwo. Sai dai ina ganin ka fara gini daga jinka. Mu a nan Maiurno ba mu san wannan fargaba ba, kuma dalilin a bayyane yake. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a zuwa gabas, har suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar. Sun samu wurin zama tabbatacce ne saboda suna da shugaba wanda hukuma ta sani, wanda ake zuwa wurinsa, yake magana da yawun kowa. A ƙasar nan, musamman a karkara, ƙasa tana tafiya ne da sarauta: nazir, umda, shehu. Wanda ba shi da umda, wa zai sa masa hannu a kan shaidar cewa ya daɗe a wuri? Saboda haka ni ina ganin neman wakilci a cikin idara ahaliyya, wato tsarin sarautun gargajiya, shi ne ƙofa, takardar fili kuma ɗaki ce da ke bayan ƙofar.

Malama Rakiya (Rabak):
Baba, da girmamawa nake magana, kuma ina roƙon ka yi mini uzuri idan harshena ya yi kaushi. Ni daga Rusairis na fito a watan Yuli na 2022, da 'ya'ya huɗu da tufafin da ke jikinmu. Kowa a zauren nan ya san cewa maganar sarauta da mallakar ƙasa tana daga cikin abin da ya hura wutar rikicin ƙabilancin nan na jihar Shuɗin Nilu, wanda ya ci rayuka fiye da 100 a watan Yuli, sannan ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba ya ci kimanin 200. An kashe namu, an kuma kashe na maƙwabtanmu, mutanen da muka yi shekaru muna cin kasuwa ɗaya da su. Ba na cewa neman wakilci laifi ne. Abin da nake cewa shi ne, da zarar an ce sarauta, maƙwabci yana jin an ce hakura, wato za a yanki ƙasar kakanninsa a ba wata ƙabila, sai ya tashi da makami. Da an ce kowane magidanci, ko wane yare yake ji, a ba shi takardar gidan da yake ciki, da ban ga abin da zai tsorata kowa ba.

Gidana yana nan ko ba ya nan, abin da nake riƙe da shi kawai takardar sayarwa ce ta hannu, wadda mijina, Allah ya jiƙansa, ya rubuta da wanda ya sayar masa, shaidu biyu suka sa hannu. Ina so masana doka su gaya mini gaskiya, wannan takarda tana da wani nauyi?

Maulana Usman (Bur Sudan):
Allah ya jiƙan maigidanki, Malama, ya raya abin da ya bari. Zan amsa miki, amma bari in fara da tushen matsalar, domin shi ne ya haɗa ki da Malam Idrisu duk da cewa ke a gari kike, shi a kambo.

Rajistar ƙasa a Sudan ta ginu ne a kan dokar 1925 ta zamanin Turawa, kuma aikin rajistar ya fi yawa a gaɓar Nilu daga Khartum zuwa arewa, da Jazira, da cikin manyan garuruwa. Mafi yawan faɗin ƙasar ba a taɓa yi masa rajista ba. A 1970, zamanin Numairi, aka yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba ta da rajista mallakar gwamnati ce. Da alƙalami guda miliyoyin mutane suka zama masu zama a kan ƙasar hukuma, ko da kakanninsu ne suka sare dajin. Dokar mu'amalolin farar hula ta 1984 ta maye gurbinta, ta ce ƙasa ta Allah ce, gwamnati wakiliya ce a kanta, ta kuma amince da haƙƙin amfani ga wanda ya raya ƙasa, wanda asalinsa hadisin nan ne da muka sani, cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce. Amma haƙƙin amfani daban, mallaka mai rajista daban, kuma idan suka yi karo a gaban hukuma, mai rajista ne yake da rinjaye.

To, Malama, takardarki ba shahadar bahas ba ce, ba zan ruɗe ki ba. Shaida ce ta hiyaza, wato cewa gidan yana hannunku kuma kun same shi ta hanyar ciniki. Tana da amfani ƙwarai idan wani ya shiga gidan yana da'awar nasa ne, kuma tana da amfani ranar da za a zo tsara unguwar. Ki ɗauki hotonta, ki aika wa mutum biyu ko uku da kika amince da su, ki nemi inda shaidun nan biyu suke tun suna raye. Ki kuma fitar da takardar gado daga kotun shari'a da sunanki da na 'ya'yan.

Akwai wani abu kuma da Baba ya taɓa a kaikaice. Fili a tsarin rabon gidaje na gwamnati ɗan ƙasa ake ba wa, kuma a nan aka daɗe ana tuntuɓe da mutanenmu. Dokar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Ku duba, mutanen Mai Wurno kansu bayan wannan ranar suka iso. Dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, wanda ya shigar da mafi yawan iyalanmu ba tare da wata shakka ba. Matsalar da ta rage ta aiwatarwa ce: ana ganin suna ko a ji harshe, sai a ƙara wa mutum tambayoyi da shaidun da ba a nema daga waninsa.

Inna Hajara (Ingaz, Khartum):
Sallama gare ku duka. Jikata ce take rubuta mini, ni nake faɗa. Idrisu, ɗana, ina goyon bayanka, amma ka san irin tsarin da kake roƙo, domin ni na ga tsari da idona. A Ishash Fallata, tsohuwar unguwar mutanenmu a Khartum, na yi aure, na haifi 'ya'yana na fari. Unguwa ce mai cunkoso, ba magudanar ruwa, da damina sai dai haƙuri, wannan gaskiya ne. Amma kasuwa tana kusa, masana'antu suna kusa, mace tana soya ƙosai ko gyaɗa ta fita da ƙafa ta sayar ta dawo kafin azahar, namiji yana zuwa wurin aikinsa ba tare da ya biya mota ba. Bayan canjin gwamnati na 1989 aka rushe unguwar, aka kwashe mu zuwa Ingaz, can kudu. Mun sami fili da takarda, ba zan yi butulci ba, yau gidan da nake ciki nawa ne. Amma shekarun farko sai wanda ya gani: fili fetal, rumfa ta buhu da kara, ruwa sai a saya a wurin mai jaki, rabin abin da ka samu ya tafi a kuɗin mota. Tsofaffi da yawa ba su jure ba. Waɗanda kuma suke haya a Ishash, ko ba su da jinsiyya a hannu, da yawansu ba su shiga lissafi ba, sai suka watse cikin dangi.

Saboda haka idan za ku rubuta buƙata, ku rubuta cewa a tsara mutane a inda suke, in dai wurin yana zaunuwa. Idan dole ne a tashe su, to ruwa da makaranta da hanya su riga su isa. Kuma kada ku manta da zawarawa da 'yan haya, domin su ake fara mantawa.

Alhaji Musa (Hasahisa):
Ina so in kawo ɗaya gefen, domin ni ina da hawasha da na gada, wato gona a cikin aikin noman, kuma ina zama da manoman ƙauyuka ina jin abin da suke faɗa. Ba duk mai adawa da tsara kambo ne maƙiyi ba. Wani kambon yana kan gefen tur'a ne, wurin da injin yashe magudana yake bi. Wani yana kan ƙasar da take da masu ita tun kafin a fara aikin, waɗanda gwamnatin Turawa ta karɓi gonakinsu haya a kan ƙurushi 10 kowane fadan, kuma jikokinsu har yau suna ƙorafin ba a biya su haƙƙinsu ba. Ƙauyukan su ma sun cika, 'ya'yansu suna neman inda za su yi gini. Idan aka zo aka ce wa manomi a yanki hawasharsa a yi unguwa, ba tare da diyya ba, an ɗauke zalunci daga kan wani an ɗora wa wani ne. Ina ganin wajibi ne duk wata buƙata tamu ta faɗi daga ina filin zai fito, kuma wa zai biya.

Malam Idrisu (Gadarif):
Alhaji, na karɓi wannan gyara, kuma ba na neman a ƙwace taƙi ɗaya daga hannun manomi. Amma nauyin samo fili da biyan diyya a kan gwamnati yake, kuma ta taɓa nuna tana iyawa. A 1964, da ruwan babbar madatsar Aswan zai cinye Wadi Halfa, an kwashe dubban Nubiyawa zuwa Khashm al-Girba, an gina musu ƙauyuka da gidaje, an ba su hawashoshi. Da aka ƙara tsawon madatsar Rusairis, aikin da aka buɗe a farkon 2013, an gina garuruwa masu lamba domin waɗanda ruwa ya tasa. Ko an yi waɗannan ayyuka da kyau ko da gyara, wata magana ce. Abin lura shi ne, a Halfa Jadida ɗin nan, a gefen ƙauyukan da aka gina, akwai kanabi na leburorin da suke noma gonakin, su kuma ba a gina musu komai ba. Ashe ba rashin ƙasa ba ne, kuma ba rashin dabara ba ne. An ɗauki wasu a matsayin mazauna, wasu kuma a matsayin hannun aiki da ake sa ran zai koma inda ya fito bayan kaka.

Inna, maganarki ta shige ni ƙwarai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zan gyara abin da na faɗa da farko: takarda a inda mutum yake neman abincinsa, wannan ita ce buƙatar.

Abdullahi (Jidda):
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki a taƙaice. Na ga rushe-rushen unguwannin kudancin Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, irin su Gulail da Karantina da Sabil, inda Hausawa da yawa suka yi shekaru masu yawa. Diyyar gida ta 'yan ƙasa ce, waɗanda ba 'yan ƙasa ba kuwa, ko a nan aka haife su, sai neman haya a wani wuri, kuma kuɗin haya ya tashi a lokacin. Abin da na koya shi ne, ku a Sudan kuna da abin da mu a nan ba mu da shi: ku 'yan ƙasa ne a doka. Kada wani ya yi sakaci da lambar ƙasa, wato lambar shaidar zama ɗan ƙasa, tasa da ta matarsa da ta 'ya'yansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maulana Usman (Bur Sudan):
Abdullahi ya yi gaskiya game da lambar ƙasa. Zan ƙara wani abu da ya kamata matasanmu su riƙe, domin su daina magana kamar masu roƙon alfarma. Sudan ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu a 1986, kuma sashe na 11 na wannan yarjejeniya ya ambaci isasshen muhalli a cikin haƙƙin kowane mutum. Kwamitin da ke kula da ita ya yi bayani a 1991 cewa muhalli ya wuce rufi da bango huɗu, ya haɗa da tabbacin cewa ba za a tashe ka da ka ba, da samun ruwa da tsafta, da farashin da talaka zai iya, da kasancewar wurin kusa da aiki da makaranta da asibiti. Wannan na ƙarshen shi ne daidai abin da Inna Hajara ta faɗa daga abin da ta gani. A 1997 kwamitin ya ƙara da cewa, ko da tashin ya zama dole, sai an yi shawara da mutanen, an ba su sanarwa da isasshen lokaci, an buɗe musu hanyar kai ƙara, kuma bai halatta a bar su a titi ba. Wannan kariya ta shafi ɗan haya da wanda yake zaune ba takarda, ba mai shahadar bahas kaɗai ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka ma ta tabbatar da haƙƙin muhalli a shari'ar Ogoni ta Nijeriya a 2001, sannan a 2009 ta yanke hukunci a kan Sudan game da korar mutane daga ƙauyukansu a Darfur.

Na san wani zai ce takardun nan ba su taɓa tsayar da katafila ba. Sau da yawa haka ne. Amma wanda ya shiga ofis yana cewa ga abin da ƙasata ta sa wa hannu, tsayuwarsa daban take da ta wanda ya shiga yana cewa a taimaka.

Malama Rakiya (Rabak):
Na gode, Maulana, zan bi shawararka, ɗaya daga cikin shaidun yana Sinja kuma ina da hanyar samunsa. Ina da ƙari ɗaya ga Malam Idrisu. Kada a mayar da wannan magana ta Hausawa kaɗai. A kanabi akwai Tama da Bargo da Masalit da Fur da Zagawa da Barebari da Fulani, duk matsalarsu ɗaya. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 abin ya ƙara muni, domin wanda ba shi da takarda shi ne mafi sauƙin kora, kuma shi ne mafi sauƙin ɗora wa zargi. Mun ji abin da ya faru a Kambo Tayba a watan Janairu na 2025, a kwanakin da soja suka koma Wad Madani, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26 aka ƙona gidaje. Idan muka tsaya da sunan ƙabila ɗaya, za a ce mana neman ƙasa muke yi. Idan muka tsaya da sunan duk wanda aka haifa a kambo, sai a rasa abin da za a ce.

Baba Alhaji Sale (Maiurno):
'Yata Rakiya, ba ki yi kaushi ba, wanda wuta ta ƙona shi ya fi sanin zafinta, kuma Allah ya mayar da ke ɗakinki lafiya. Ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, domin har yanzu ina ganin jama'ar da ba ta da mai magana da yawunta, tarwatsa ta ba wuya. Amma na yarda cewa shugabancin da ake buƙata a kambo shi ne na dattawan wurin, kowace ƙabila da nata a ciki, waɗanda za su riƙe lissafin gidaje su yi shaida, ba tare da an kira shi sarautar ƙasa ba. Idrisu, ka ce kakanka ya zo cirar auduga. Wace shekara ce? Wa ya rage da zai iya rantsuwa a kan haka? Idan tsofaffin nan suka ƙare ba a rubuta daga bakinsu ba, gobe za a ce jiya kuka zo, kuma ba ku da abin nunawa.

Malam Idrisu (Gadarif):
Baba, tambayarka ta kama ni, domin shekarar ba ta rubuce a ko'ina. Akwai gwaggona da take da rai, tana nan tare da mu a Gadarif, ita ta san wace damina suka sauka da kuma sunan mufattishin, wato jami'in aikin noman, da ya nuna musu wurin. Gobe in Allah ya kai mu zan zauna da ita in ɗauki muryarta. Akwai kuma tsofaffin rasiɗai na makaranta da katin rigakafi da ke ɗauke da sunan kambonmu, suna cikin akwatin mahaifiyata. Maulana, ina roƙon ka rubuto mana irin bayanan da ya kamata a tattara daga kowane gida, yadda za su yi amfani a gaban kwamitin tsara filaye ko a kotu, domin kada mu wahalar da tsofaffi a kan abin da ba za a karɓa ba.

Maulana Usman (Bur Sudan):
Zan rubuto bayan sallar isha'i in sha Allah. Kafin nan, ka tabbatar gwaggo ta faɗi cikakken sunanta da na mahaifinta a farkon naɗin, ta ambaci maƙwabtan gidan ta gabas da yamma da kudu da arewa, kuma a sami mutum biyu baligai a zaune waɗanda za su iya shaida cewa a gabansu ta faɗa. Ka sa gidajen zawarawa da na 'yan haya a cikin lissafin tun daga shafin farko, kowanne da sunan wanda yake kwana a ciki.